Waya ko kyamara: abin da ƴan Yamai suka ce

1. Kowa ya yarda cewa hoton rana, na kasuwa ko na gida, waya ta wadatar. A goge gilashinta dai, maiƙon yatsa ke kawo dishi-dishi.

2. Da dare kyamara ce gaba. Sashen karɓar haskenta ya fi girma, hoton biki ba ya fitowa da tsaki-tsaki. Haka ma filin kokowa: sai an kai saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa kafin kaye ya fito tsaf. Jawo nesa da waya kuwa yawanci yanke hoto ne kawai, ingancin ya zube.

3. Da hunturu kada a canza gilashin kyamara a waje, ƙura na shiga ta bar ɗigo a kowane hoto.

Inda aka rabu: wasu sun ce kyamara ta hannu ta fi, wasu sun ce kuɗin a sa a waya mai kyau, tunda WhatsApp na matse hoton duka.