Kalar lavande da man lavande, don Allah masu sani ku taimaka

Maman Nana, Niamey:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata za ta yi aure bayan salla, mun zaɓi kalar lavande a anko, biyole ɗin nan mai haske-haske, sai gwaggonmu ta ce wai ta ji kalar makoki ce wurin Turawa, hankalina ya ƙi kwanciya don har an kai wa tela shadda. Sannan an kawo min 'yar kwalbar man lavande daga Faransa wai yana sa barci, a shayi ake ɗigawa ko yaya?

Baban Abdu, Tahoua:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba amma rabin zancen ta ji. A Ingila zamanin sarauniya Biktoriya mace in mijinta ya rasu baƙi take sawa, in lokaci ya ja sai ta koma toka-toka ko lavande, alamar makoki ya hwara sauƙi kenan. Al'adarsu ce ta da can, su ma yanzu a biki suke sa ta. Biyole mai duhu kuma kalar sarakunan Rum ce, daga dodon koɗin teku aka hidda rinin a garin Tir na Lubnan shi ya sa yake da tsada. Mu nan ai shuni ado ne, dubi rawanin Abzinawa yadda yake walƙiya har ya rina goshi, kuma mai arziki ai mai hannu da shuni muke ce mai. Takabarmu wata 4 da kwana 10 ce, barin ado da turare ne, babu wata kala da anka ware. Ku sa ankonku, Allah shi ba da zaman lahiya.

Anti Rabi, Niamey:
Maman Nana don girman Allah kar ki sha man nan. A farmasi nake aiki, mutane na ɗauka tunda daga tsiro yake ba ya cutarwa, alhali da tururi ake tatso shi daga fure mai yawan gaske kafin a samu 'yar kwalba ɗaya, ƙarfinsa ya wuce a haɗiye shi, yana sa tashin zuciya da amai, in yaro ne ya sha kuwa sai likita. Ɗigo ɗaya ko biyu a ƙyalle ki aje kusa da matashi, ƙamshin ne ke kwantar da hankali. In a jiki ne ki cuɗa shi da man kaɗe ko zaitun, ki fara gwadawa a ɗan wuri a hannu ki ga ko zai yi ƙaiƙayi. Banda jarirai, mai ciki kuma ta tambayi unguwarzoma tukuna. In rashin barcin ya daɗe ki je a duba tansiyonki, ƙamshi ba zai warkar da wannan ba.

Ɗan Ader, Marseille:
Gaskiya Anti Rabi ta faɗa. Nan kudancin Faransa wajen Valensole ake noman lavande, Yuni zuwa Yuli gonaki su zama biyole iya ganinka, ƙudan zuma ko'ina. Wanda ake sha busasshen furen ne, ɗan kaɗan a ruwan zafi kamar kinkeliba. Tsofaffi kuma su ɗinke shi a 'yar jaka su sa cikin tufafi don asu. Ki duba kwalbar, in an rubuta Lavandula angustifolia shi ne na asali, in lavandin ne ɗan aure ne, wato haɗin iri biyu, ƙamshinsa ya fi kaifi kamar kafur, a sabulu aka fi sa shi.

Maman Nana:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Anti da yau da dare zan zuba a shayi wallahi. Ɗan Ader, tsiron lavande zai yi a tukunya a nan Niamey?

Ɗan Ader:
Da wuya yaya. Ƙasa mai tsakuwa yake so wadda ruwa ba ya kwanciya, zafin Afrilu da laimar damina tare suna kashe shi. In za ki gwada ki shuka da sanyi, ki haɗa ƙasar da yashi, kar ki yawaita ban ruwa.