Ina ake samun soyayyar kaza ta kirki a Yamai? Uwargida ta sa ni gaba

Baƙon Yamai:

Assalamu alaikum ƴan uwa, ya zafi? Shawara nake nema, kuma don Allah kada a yi mini dariya, ko da yake na san sai an yi.

Wata bakwai ke nan da aka maido ni aiki Yamai daga Damagaram, muna zaune a Talaje. Mai ɗakina tana da juna biyu, kuma tun da watan nan ya kama ba abin da bakinta ke so sai soyayyar kaza. Gasasshiya ba ta yi mata, farfesu ko kallonsa ba ta yi. Soyayya take so, mai ƙaras-ƙaras, a barbaɗa yaji. Ga shi ba ta iya tsayawa kan mai, ƙaurinsa kaɗai ya isa ya tayar mata da zuciya.

Sau uku ina sayowa, sau uku ina shan kunya. Na farko wani wuri ne mai gilashi da sanyin kilim, na biya jika huɗu rabin kaza da firit. Fulawa jibge a jiki, da muka ɓare sai ga ja a bakin ƙashi, ta ture. Na biyu a bakin gudron na saya, ɗaci take yi, ga ƙarnin kifi. Na uku kuwa da ta ja cinyar ta kasa rabawa, sai ta dube ni ta ce, "Malam, wannan kazar aikin soja ta yi kafin a yanka ta?"

Wace unguwa zan nufa? Ina da moto, ko Saga ne ko Harobanda zan je, kai ko hanyar Kollo. Kuma ta yaya mutum zai gane ta kirki kafin ya fidda kuɗinsa?

Ɗan Bukoki:

Hhhh aikin soja! Allah ya raba lafiya. Ni lokacin tawa kankana ce, ƙarfe biyun dare. Ka gode wa Allah taka ana sayar da ita da rana.

Mai Taksi:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Shekara goma sha ɗaya ina zaga garin nan, ba kartiyen da ban ci kaza a cikinsa ba. Amma ba zan ba ka sunan wuri ba, ga dalili. A Yamai suna yana nan a jikin allo, mai suyar ya tashi tun bara. In na ce je wuri kaza, ka je ka tarar da wani yaro sabon hannu, ni za ka zaga a zuci.

Abin da zan ba ka shi ne taswira. Irin mai fulawa da kake gani a waya, ta Amurka, wajen Filato da Shato 1 da Kwara Kano take da yawa, can ne masu kuɗi da ma'aikatan ofis suke. Suyar gida kuwa, wadda nake zaton ita madam ke nufi, sai masu tebur na dare: Wadata, Bukoki, Lazare, da gefen tashoshin mota. Bakin kogi wajen Gamkale yawanci kifi ne da gashi, wurin shan iska ne, ba don suya ake zuwa ba. Harobanda, can ƙetaren kogi kusa da jami'ar Abdou Moumouni, akwai araha, kuma abinci ba ya kwana saboda ɗalibai, sai dai yankan ƙanana ne.

In can ka nufa da yamma kada ka bi gadar Kennedy, za ka tsufa a kai. Daga Talaje gada ta biyu ta fi maka, ta Sinawa da aka buɗe a 2011. Hanyar Kollo kuma ka bar ta, kafin ka dawo kazar ta huce ta yi laushi.

Wata dabara: duba inda masu taksi da masu kabu-kabu suka yi cincirindo bayan isha'i. Mu ba ma komawa inda aka cuce mu sau ɗaya.

Hajiya ta Wadata:

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka da kake kula da ƴar mutane. Amma ka fara da tambayar wuri, alhali kazar ya kamata ka fara tambaya.

Kaji iri uku ne a kasuwar nan. Akwai kazar gida, wadda ta yi yawo ta tsinci abincinta, sai ta yi wata biyar ko shida kafin ta isa yanka. Namanta da tauri amma ɗanɗano na wurinta. Akwai ta gidan gona, fara, wadda kwana arba'in da ƴan kai ake yanka ta, ga tsoka ga laushi, amma salam take sai an ji da ita da kayan ƙamshi. Sai ta kwali, wadda ke zuwa a daskare daga ƙetare, ba wanda ya san ranar da aka yanka ta.

Ta ukun nan da ka saya, mai aikin soja, kazar gida ce aka jefa a mai ba a tafasa ba, ko kuma tsohon zakara. Kazar gida ba a yi mata haka. Sai an tafasa ta tukuna da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da ɗan kanumfari, wuta kaɗan-kaɗan, har cokali ya fara shiga. A tsame, a bar ta ta tsane sarai, ta sha iska. Sannan a sa ta a mai mai zafi, ba don ta dahu ba, ta riga ta dahu, don ta yi ja kawai. Mai gaggawa ba ya wannan aikin. Shi ya sa in ka je wurin mai tebur, ka leƙa ka gani ko akwai tukunyar romo a gefe. In akwai, ya tafasa. In ba tukunya sai kasko kaɗai, ka yi masa sallama ka wuce.

In da ni ce kai ma ba zan yi ta yawon dare ba. Ka shigo Wadata da safe wurin masu kaji, ka zaɓi budurwar kaza da ranta, wadda ba ta fara ƙwai ba. Ka taɓa ƙirjinta, ƙarshen ƙashin ya lanƙwasa a yatsanka, in ya ƙi ta tsufa. A yanka a gabanka a fige. Ka kai wa wata maƙwabciya da lita ɗaya ta man gyaɗa ka ce ta taimaka. Ba macen da za a ce mata mai ciki ce ke kwaɗayi ta ƙi. Ka bar mata wuya da ƙafafu da romon, ko ka ba yaranta cinya guda, shi ke nan an zama ƴan uwa. Wata bakwai a unguwa, ai ya ci a ce matarka tana da gidan da take aikawa.

Baƙon Yamai:

Na gode ƙwarai Inna, Allah ya ƙara girma. Gaskiyarku ce, ba mu saba da kowa ba tukuna. Akwai wata dattijuwa Bazabarma da muke katanga ɗaya, daga fofo sai fofo muke, wato sannu da Zabarmanci. Zan gwada.

Tsohon Kuku:

Na yi shekara shida ina suya a wani gidan abinci kafin in koma sayar da kayan waya, bari in faɗa maka abin da ba a faɗa wa mai saye.

Mai shi ne rabin jarin mai suya, saboda haka ba ya son zubar da shi. Da safe a soya ƙosai ko kifi, da rana firit, da dare kaza, gobe a ƙara sabo a kan tsoho. Ɗacin da ka ji da ƙarnin kifi daga nan ne. Ka tsaya kusa da kaskon ka duba da idonka. Mai mai kyau kana hango naman a cikinsa. Wanda ya gaji baƙi ne, yana kumfa kamar an sa sabulu, yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, kuma idonka zai yi yaji.

Ta farkon kuwa, mai ja a ƙashi, na san yadda aka yi. An ciro ta daga firigo ba ta gama saki ba, oda ta yi yawa, aka ƙara wuta. Mai fulawa tana son zafi daidai, wajen digiri 170 zuwa 180, cinya ta yi kamar minti goma sha biyar a ciki. In wuta ta wuce haka fulawar ta yi ja cikin minti biyar, ciki ɗanye. In ta gaza, ko aka cika kasko da nama, sai ta sha mai ta yi lagwab.

Lokaci ma yana da nasa. Ka je da an idar da magariba, lokacin da ake sa kaskon farko. Wadda ka gani jere a cikin akwatin gilashi da ƙwan lantarki a kanta ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kada ka tambayi shekarunta. Ka nuna tafasasshiya ka ce a soya a gabanka. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Kuma kada ka yarda a ƙulle maka ita cikin leda da zafinta. Tururi ke kashe ƙaras-ƙaras ɗin. Ka tafi da kwanonka, ka ɗan buɗe murfin, yaji da albasa a ƙunsa daban.

Ɗan Adar:

Ku duka kun bar zance. Mi ag gamin mai kwaɗayi da kaza ga zabo? Mu can Tawa in anka ce suya, zabo aka nuhi. Ka samu zabo guda a tahwasa shi awa yadda Hajiya tac ce, a soya, a yanka mishi albasar Galmi ɗanya, a zuba yajin ƙuli. Wallahi in madam tac ci wanga ba ta ƙara tuna kaza. Ranar Lahadi kasuwar Balleyara ka ci, masu kawowa daga can suna shigowa da su Yamai, Litinin ka leƙa kasuwa.

Ɗan Bukoki:

Ba'adare ko maganar asibiti ake sai ya sako albasar Galmi.

Ɗan Adar:

To wace albasa kuke ci nan Yamai in ba tamu ba?

Ungozoma:

Barkanku da hira. Ni ta fannin aikina zan sa baki, tunda mai ciki ce. Ta yi daidai da ta ture mai jan nan. Ba kowane ja ne ɗanye ba, gaskiya: ƙaramar kazar gona da ta daskare, ɓargonta kan rina naman da ke jikin ƙashi ko ta dahu. Amma a gida ba ka da abin awo, ita kuwa kaza sai cikinta ya kai digiri 74 ƙwayoyin cuta irin su salmonela ke mutuwa. Saboda haka a tsaga wurin da ya fi kauri, in ruwan da ya fito da ja-ja ko naman yana santsi, a mayar wuta.

Abin da ya fi damuna ma ba kazar ba ce, kayan gefenta ne. Mayonez da aka kaɗa da ɗanyen ƙwai ya wuni a tebur, da salati da ba a san ruwan da aka wanke shi ba. A zafin Afrilu da Mayu, da rana ke haura digiri 40, ga wuta tana zuwa tana tafiya, firigo na narkewa yana sake daskarewa, waɗannan su ke kawo mana mata da gudawa da amai. Ta ci kazarta da zafi, da burodi ko dambu, a bar mayonez. Kuma ba kullum ba, maiƙo da yaji suna ƙara ƙwannafi, gishiri da magi kuma a rage in ƙafa ta fara kumbura. In kumburin ya zo da ciwon kai, wannan ba zancen kaza ba ne, a zo awo.

Ƴar Filato:

Ni dai kar a kashe wa masu fulawa kasuwa. Akwai masu yi da kyau, har da mata da ke yi a gida suna tallatawa a WhatsApp da Facebook, kuma nasu ya fi na wasu manyan wuraren tsabta. Matsalar kawowa ce. In mai moto ya taso daga Yantala ya ɗauki oda huɗu, kafin ya iso Talaje ta zama ɗanwake. Ka yi oda, amma ka je ka karɓa da kanka. Kuma ka tambayi Anti tukuna wace iri take nufi, don na lura maza ba sa tambaya, sai su hau moto kawai.

Baƙon Yamai:

Ƴan uwa na dawo da labari. Ƙanwata ta Filato, kin kama ni, ban taɓa tambaya ba. Da na tambaya sai ta ce irin wadda mahaifiyarta ke yi musu ranar sallah a Damagaram take nufi, wadda ake soyawa da man gyaɗa a zuba a kwano a rufe. Fulawa ko a mafarki ba ta nema ba.

Asabar na je Wadata. Na taɓa ƙirjin kaji har mai kajin ya ce ko likitan dabbobi ne ni. Na ɗauki biyu, aka yanka aka fige, na kai wa dattijuwar nan ina ta haɗa Hausa da guntun Zabarmanci. Ashe tana jin Hausa sarai, ta bar ni ne ina wahala. Ta karɓa, ta ce in ɗauke man da na kawo rabi, ya yi yawa. Bayan la'asar sai ga jikarta da kwano biyu, ɗaya kaza, ɗaya romo da ta ƙi riƙewa, ga dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, a kai wanda ba mu roƙa ba. Mai ɗakina ta ci cinya biyu da fiffike, ta tauna ƙashin, yau kuma tun safe tana gidan tsohuwar.

Mai Taksi, na ga wani mai tebur a Lazare da tukunyar romo a gefe da taksi uku a gabansa, shi zan gwada ranar da kunya ta hana ni komawa maƙwabta. Ɗan Adar, na kawo mata zancen zabo. Ta ce a bari sai ranar suna.

Ɗan Adar:

To a aje mini ƙirji, ni ka kawo albasa.