Zan kai Umma Jeneba hutun ƙarshen mako, wa ta taɓa kai tata?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ummata ta zo wurina a Liyon ta Faransa, amma tun da ta sauka, daga kicin sai rainon jika. Ina so in ɗauke ta mu biyu kawai mu tafi Jeneba ta Suwizalan, daga Juma'a zuwa Lahadi, tunda awa biyu ne a jirgin ƙasa. Ta haura sittin, gwiwa na damunta, kuma ba ta cin abin da ba ta san asalinsa ba. Wadda ta taɓa kai mahaifiyarta, ko uwar da aka taɓa kaiwa, don Allah ta ba ni labari.

Wata mai aiki a Jeneba:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki da alheri, kin yi tunani mai kyau. Bizarta ta Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da dama, ta wadatar, Suwizalan na cikin tsarin tun 2008, amma ku riƙe fasfo don wani lokaci ana dubawa a iyaka. Kuɗinsu faran ne, ba yuro ba. Otal zai ba ku katin shiga bas da taram (ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari) kyauta har ranar tafiyarku, kuma katin ya haɗa da ƙananan jiragen ruwa masu launin ruwan ɗorawa da suke kira Mouettes, masu tsallaka tafkin Jeneba daga wannan gaɓa zuwa waccan. Hajiyarmu a kan waɗannan jiragen ta ƙare yininta. Mu tsallaka, ta ce mu koma, mu koma ta ce a sake. Daga cikinsu ake ganin Jet d'Eau sosai, ruwan nan da ke tashi sama mita 140. Idan iska ta juyo, feshinsa har fuska. Ta riƙe bakin mayafinta da haƙori tana dariya, rabon da in ji irin wannan dariyar tata tun Baba na da rai. Sai dai ku sani ana kashe shi idan iska ta yi ƙarfi, don haka da kun ga yana tashi ku je, kada ku ce sai gobe.

Wata daga Zariya:
Tunda kin ambaci gwiwa, ki yi hattara da tsohon gari. A kan tudu yake, kuma hanyoyinsa shimfiɗar duwatsu ne. Hasumiyar majami'ar Saint-Pierre matakala 157 ce, ni kaɗai na hau, Mama ta zauna a dandalin Bourg-de-Four tana shan shayi. Akwai ƙaramin bas da ke hawa can, ku shige shi, ku sauko a ƙafa a hankali. Takalmi mai laushi, ba silifas ba.

Wata uwa:
Ni aka kai, 'yata ce ta kai ni. 'Yan nan, ku ji daga bakin tsohuwa. Ku kan zo da jerin wurare a waya kuna so a gama su duka, mu kuwa ku muka zo gani. Yarinyar nan tun da ta yi aure ban samu zama da ita ba babu yaro a cinya, babu waya a kunne. A lambun da ke bakin tafkin, kusa da agogon furanni, muka samu benci muka zauna tun bayan azahar. Agogon kansa minti biyar ya ishe shi kallo. A bencin nan ta gaya mini abubuwan da ta daɗe tana haɗiyewa game da zaman ƙasar waje, kaɗaici da sanyi da rashin wanda za ka aika, ni ma na ba ta labarin farkon aurena da ban taɓa ba kowa ba. Ki bar wa Ummanki fili irin wannan. Kuma idan ta ce ba ta gaji ba, ki dubi ƙafarta, kada ki saurari bakinta. Mu ba ma son a ce mun ɓata kuɗin da aka kashe.

Mai tambaya:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Maganar nan ta shige ni. To batun abinci fa?

Wata daga Maraɗi:
Abinci kam sai da lura. Narkakken cukunsu da ake kira fondue, da giya ake haɗa shi, wasu cakulan ma akwai barasa a ciki, ki karanta bayan kwali. Abin da Innata ta ci hankali kwance shi ne soyayyen kifin tafkin, filets de perche, da dankali. Ki tambaya ko an sa giya a miyar, ba sa jin haushi. Unguwar Pâquis da ke ƙasan tashar Cornavin cike take da gidajen abincin Larabawa da Turkawa na halal, kuma sun fi sauƙin kuɗi, amma wasu titunanta da dare ba wurin bi da uwa ba ne, ku ci da wuri ku fito. Mu da yajinmu muka tafi a jaka. Tsadar garin gaskiya ce, ko ruwan gora sai kin ji a jikinki, alhali famfunan kan titi da aka rubuta eau potable ruwan sha ne mai sanyi. Inna da faransancinta na makarantar firamare har hira ta yi da direban bas, ta dawo tana jin kanta.

Wata daga Zariya:
Na manta. Ranar Lahadi kusan duk kantuna a rufe suke, sai na tashar jirgi da na filin jirgin sama. Tsarabar jikoki ku saye ta ranar Asabar kafin yamma.

Wata daga Maiduguri:
Na yarda da Hajiya cewa kada a cika yawo, amma wuri ɗaya ba zan so ku bari ba. Ku shiga taram mai lamba 15 zuwa Nations, dandalin da ke gaban ginin Majalisar Ɗinkin Duniya. Shiga cikin ginin Majalisar Ɗinkin Duniya sai an yi rajista tun da wuri, mu ba mu shiga ba, daga ƙofa muka ga jerin tutoci. Mamana ta yi ta nema har ta gano ta Najeriya, ta ce a ɗauke ta hoto, ga garin da ta shekara tana ji a rediyo ana cewa an zauna taro. A dandalin akwai wata ƙatuwar kujerar katako mai tsayin mita 12, ƙafarta ɗaya a karye. An kafa ta a 1997 don tunawa da waɗanda nakiyoyin da ake binnewa a ƙasa suka raba da ƙafafunsu. Da na yi mata bayani ta daɗe a tsaye, don a danginmu akwai wanda abin ya shafa a hanyar gona. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a a wurin, masu ɗaukar hoto suna ta wucewa. Filin shimfiɗe yake, babu hawa, gwiwa ba za ta wahala ba.

Wata mai aiki a Jeneba:
Daga Nations ɗin ba nisa zuwa babban masallacin Petit-Saconnex, wanda aka buɗe a 1978, akwai ɓangaren mata. Idan kun iso da wuri ranar Juma'a za ku samu salla. Da bazara magariba kan kai ƙarfe 9 na dare har ta wuce, isha kuwa sai wajen 11, don haka ki sa mata jadawalin sallar garin a waya kada ta rikice. Ki ɗauko mata rigar sanyi ko da rana ta fito, akwai wata iskar arewa da suke kira bise, idan ta taso a bakin ruwa har cikin ƙashi. In da sauran ƙarfi ranar Lahadi da safe, ku leƙa Jonction inda kogin Rhône mai garau yake haɗuwa da Arve mai ruwan toka, kowanne da launinsa kamar mahaɗar Neja da Binuwai a Lakwaja. Daga kan gada aka fi gani, amma hawanta da ɗan aiki, ki tambayi Umma tukuna.