Rawar soyayya a finafinan tarihi: haka mutanen da ke yi ko ƙarin gishiri ne?

'Yar Kabi:
Salamu alaikum jama'a. Jiya anka kawo wuta muka zauna da Innarmu muna kallon tsohon fim ɗin nan na Indiya, Mughal-e-Azam, har aka zo wajen da Anarkali ke rawa gaban sarki Akbar cikin ɗakin madubai, tana juyi tana satar kallon yarima Salim uban kuma ya cika ya yi fam kamar ya fashe. Inna ta ce wagga ɗiya ba ta da kunya amma tana da zuciya, muka yi ta dariya. Sai ƙanena ya ce duk ƙarya ce, wai ba baiwar da za ta yi haka gaban sarki ta kwana da rai. Kuma na lura finafinan turawa na zamanin da ma haka suke, dole sai an yi wani taron rawa inda saurayi da budurwa za su tsaya suna kallon juna kamar an dasa su. To wai haka abin yake a da? Kuma da za a yi fim ɗin Kanta, sarkin Kabi na farko, yau, ya dace a sa irin wannan rawar ko ko?

Malam na Tudun Wada, Gusau:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙanenki yana da rabin gaskiya. Ita Anarkali kanta masana tarihi da yawa na shakkar ko an taɓa yin ta, labari ne da ya bi baki har aka yi wasan kwaikwayo da shi, sannan K. Asif ya mai da shi fim a 1960. Amma rawar ba ƙirƙira ba ce, kathak ce, wata rawar gargajiya ta arewacin Indiya, kuma an yi ta a fadojin sarakunan Mughal. Abin da fim ya ƙara shi ne tsaurin idon. Kin lura kusan duk fim ɗin baƙi da fari aka yi shi da farko amma wannan wajen aka ɗauka da kala? Sai a 2004 aka mai da sauran kala. Madubin ɗakin ma daga Beljiyam aka kawo, kuma Madhubala da ta yi rawar tana fama da ciwon zuciya a lokacin, shi ya yi ajalinta a 1969 tana da shekara 36. Ni in na tuna haka sai kallon ya canza mini.

Na turawa kuwa ya fi kusa da gaskiya. A Ingila ta wajen 1813, lokacin da Jane Austen ta fitar da littafinta Pride and Prejudice, 'yar gidan mutunci ba ta keɓewa da namiji, kullum akwai uwa ko gwaggo a gefe tana sa ido. To wajen rawa ne kaɗai zai riƙe hannunta, shi ma da safar hannu, su yi magana ba mai ji. Layi biyu ake yi maza nan mata nan, kafin juyi ya zo kanku kuna tsaye kuna hira, abin kan kai rabin awa. Kuma akwai doka, in ta ƙi wanda ya fara neman ta to ta haƙura da rawar ke nan sai zama, in kuma ya yi da ita fiye da sau biyu a dare ɗaya gari ya ɗauka aure za a yi. Shi ya sa a fim ɗin littafin na 2005 saurayin da budurwar suna cikin rawa sai a ɓatar da kowa a ɗakin a bar su su biyu, alhali ko rungumar juna ba su yi ba. Hanin ne ke ba abin daɗi, in kin cire hanin rawar ta zama motsa jiki kawai. Kai har su ma sun yi nasu surutun, da rawar wals ta shigo wadda namiji ke riƙe ƙugun mace, jaridar The Times ta yi Allah wadai da ita a 1816 ta ce iyaye su tsare 'ya'yansu.

Abu Zurmi:
Malam duk mun ji amma ni dai ban ga abin da ya haɗa Kanta da rawa ba. Mutumin da ya gina birnin Surame da dutse ya tsaya gaban Songhai da Borno, a ce a sa shi yana bin mace cikin fulawa? Haba. A bar ma Indiya kayansu.

Gwaggon Yara, Argungu:
Abu ɗana ba wanda yac ce Kanta za ya taka rawa, amma cikin Surame ba samari da 'yan mata? Ku yaran yanzu kun ɗauka soyayya da waya ta zo. Ni na riski dandali da idona ƙauyenmu, kuma kakata ta ba mu labarin nasu wanda ya fi namu armashi. In wata ya yi fari 'yan mata su fito gaɗa, tafi da waƙa, guda ta faɗo da baya a cafe ta a cilla sama, samari na can gefe tsaye kamar ba su kallo alhali kowa ya san wadda yaz zo dominta. Ran biki ko ran kasuwa kuwa mai kalangu na nan, kowace budurwa da takenta, saurayi ba ya shiga fili shi da ita, wannan abin kunya ne, abin da zai yi shi ne ya ba makaɗi kuɗi ya kaɗa takenta, da ta ji sai ta fito tana rausaya kai a duƙe, shi kuma ya zo ya manna mata kwabo ga goshi ya koma. In akwai abokin takara shi ma ya fito ya ɗora sisi, nan fa ake yin ta, makaɗi ya yi ta zuga su shi ke cin riba. In ta ƙi fitowa ga kiɗin da kab biya, to kai ma ka san matsayinka, ba sai an aiko maka ba.

To ku gaya min wannan bai isa fim ba? Ga kishi ga kunya ga abin dariya, ba wanda ya taɓa wani. Amma sai ka ga fim wai na zamanin da, yarinya da leshi da jan baki, kiɗin fiyano na tashi, ita da saurayi cikin lambu suna guje-guje. Ina saƙi, ina jigida, ina munduwa? Na taɓa ganin wani ana liƙi da takardar naira, naira da ta zo 1973. Zamanin Kanta ko kwabon ma babu, sai dai wuri da goro.

Ɗan Kaura:
Gwaggo Allah shi ƙara lafiya, wallahi kin gama magana. Sai dai ni na ɗan taɓa harkar ɗaukar bidiyo kuma matsalar kuɗi ce ba rashin sani ba. Waƙar fiyano mutum ɗaya zai haɗa ta a situdiyo cikin kwana guda, a ɗauki mutum biyu a lambu an gama. Dandali kuwa sai ka tara 'yan mata talatin ka ɗinka musu kaya ka samo makaɗa na gaske ka ɗauka da dare da janareta, wa zai biya? Kuma waƙar ita ke sayar da fim ɗin tun zamanin kaset.

Abu kuma kar ka ɗauka Indiyawan ba su yin irin rigimarka. Da aka yi fim ɗin Padmaavat na 2018 'yan ƙabilar Rajput sun tada ƙura sosai, cikin ƙorafinsu har da cewa sarauniyarsu ba za ta yi rawa haka a bainar jama'a ba, sai da aka bi waƙar da kwamfuta aka rufe cikin jarumar kafin fim ya fita.

Abu Zurmi:
To in irin na Gwaggo ne ba ni da ja. Amma kar in ga Kanta a filin.

'Yar Kabi:
Hhhh Yaya Abu an ji, Kanta na fada abinsa. Gwaggo na karanta ma Inna abin da kika rubuta, ta ce gaskiya ne, har ta fara rera min takenta sai ta tuna Baba na tsakar gida ta yi shiru. Na tambaye ta ko shi ya biya kiɗin ta ce in tashi in ɗora tuwo.