Yadda Ake Saita Na'urar Ban Ruwa a Lokacin Bazara

A wata tattaunawa tsakanin masu lambu na Samaru da na bakin kogin Galma, shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a saita na'urar ta saki ruwa da asuba, tsakanin ƙarfe 4 da 6, domin a watannin Maris da Afrilu rana kan busar da saman ƙasa tun ruwa bai kai saiwa ba. An fi son a shayar sosai amma jefi-jefi, tun da yayyafin kullum yana hana saiwar tumatir nutsawa ƙasa.

Shawarar da na fi ganin amfaninta ta shafi ƙasa mai laka: a raba ban ruwan gida biyu ko uku, a bar tazara tsakani har ƙasa ta shanye, maimakon ruwan ya kwanta ko ya gangara bakin kunya.

Wasu sun ja hankali cewa na'urar da ke dogara da hasashen yanayi ta intanet takan ruɗe idan sabis ya ɗauke, don haka a haɗa mata ma'aunin damshin ƙasa da batir. Idan damina ta kankama kuma, a dakatar da tsarin bazara.