Waɗanda aka yi wa tiyatar gina gaban namiji: yaya kuka kwashe?

Na Hambug: Salama 'yan'uwa. Likita ya ba ni zaɓi biyu: falofilasti, inda ake ɗebo fatar hannu a gina gaba da ita, ko meta, inda ake sako tsokar ɗan-tsaka ta gaban mace, wadda allurar testosteron, sinadarin namiji, ta riga ta girmar. Wanda ya bi hanyar nan ya faɗa mini gaskiya, ban da zaƙin baki.

Ɗan Manchesta: Ta hannu aka yi mini. Daren farko ban runtsa ba. Duk awa nas za ta zo ta ɗora wata 'yar na'ura, tana sauraron ko jini na gudu a sabuwar fatar. In na ji "shuu, shuu" sai hankalina ya kwanta. Hanyar fitsari ce ta gasa mini aya a hannu. Bayan an cire roba na tsaya fitsari, sai ga shi yana fita ta wuri biyu. Yoyon fitsari, kalmar da a gida na san ta ga masu doguwar naƙuda kawai. Na jira watanni bai rufe da kansa ba, sai da aka sake ɗinki. Jin taɓawa a sabon gaban kuwa daga tushe ya faro, yana hawa kamar tafiyar kiyashi, fiye da shekara.

Na Toronto: Ni meta na zaɓa. Jin da nake yi a wurin bai taɓu ba, hannuna ba tabo, amma ƙarami ne, kada wani ya ruɗe ka. Daga baya fitsari ya siranta kamar zare, hanyar ta tsuke, aka buɗe.

Nas a Landan: Ɗan'uwa, in kana shan taba ka bari tun yanzu, ita ke toshe ƙananan jijiyoyin da aka haɗa. Ka kuma cire gashin hannu da wuri, da fatar ake yin hanyar fitsari, in ya tsiro a ciki wahala ce. Kada ka sa ran tiyata ɗaya: Michael Dillon, wani ɗan Birtaniya da likita Harold Gillies ya fara yi wa wannan tiyata a 1946, sau 13 ya kwanta.

Ɗan Manchesta: Ban yi nadama ba. Tabon hannun dai yana nan, an rufe shi da fatar cinya. In sanyi ya shigo yatsuna ke fara sanar da ni.