Za a bar 'yata ta tashi da jirgi ita kaɗai, daidai ne kuwa?

Maman Hauwa, Rikkos, Jos:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san harkar jirgin sama su taimaka min. 'Yata ta biyu tana koyon tuƙin jirgi a kwalejin Zariya. Jiya da daddare ta bugo min tana ta murna, wai malaminta ya ce mako mai zuwa za ta yi solo, ta tashi ita kaɗai shi yana ƙasa. Na ce mata masha Allah, amma ina ajiye waya cikina ya ɗuri ruwa. Yarinyar da awoyinta a sama ba su kai 20 ba! Ko motar babanta ban yarda ta hau titin Bauchi da ita ba sai da wani a gefe. Haka ake yi, ko gaggawa ce?

Sannan ƙanin babanta da ke Amurka ya ce a turo ta can, wai akwai lasisin tuƙin nishaɗi da ake samu da awa 20 kacal, ya fi arha. Babanta ya fara karkata, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Tsohon Malamin Tuƙi, Gwarimpa, Abuja:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka. Ki kwantar da hankalinki, haka ake yi a ko'ina, kuma yawancin ɗalibai a daidai wannan tsakanin suke yin tashinsu na farko. Kwalejin nan tun 1964 aka kafa ta, kuma duk kyaftin ɗin da ya taɓa ɗaukarki zuwa Jidda ta ƙofar solo ɗin nan ya bi, ko a ina ya koya.

Amma ba awoyi muke dubawa ba. Ni lokacin da nake koyarwa, ba na sakin ɗalibi sai ya sauke jirgi sau da dama a jere ban taɓa sitiyari ba, ban kuma ce uffan ba. Sai na rage masa ƙarfin inji ba zato muna sama, na ga ya dukar da hancin jirgi ya nemi fili ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Sai ya san yadda ake farfaɗo da jirgi idan gudu ya yi ƙasa har fiffike ya daina ɗauka. Abin da ya fi duka a wurina shi ne fasa sauka: ya taho, ya ga ya yi sama da yawa ko iska ta karkatar da shi, ya ƙara wuta ya sake zagayowa da kansa, ban ce masa yi ba. Ɗalibin da yake jin kunyar fasa sauka, ko ya yi awa 40 ba zan sa masa hannu ba.

Ranar kuma ba tafiya za ta yi ba. Za su fara zagaye filin tare. In ya gamsu, sai ya ce ta tsaya, ya kwance bel ɗinsa, ya ɗaure shi a kan kujerar da babu kowa don kada ya sarƙe da wani abu, ya rufe ƙofa ya ja da baya. Ta tashi, ta zagaya filin, ta sauka, duk a gaban idonsa, ga rediyo yana jin kowace kalma tsakaninta da hasumiyar da ke ba jirage izinin tashi da sauka. Abu ɗaya da muke gaya musu tun kafin mu fita: jirgin zai yi sauƙi tunda nauyin malami ya fita, zai hau sama da sauri fiye da yadda suka saba, kuma wajen sauka zai ɗan yi lilo kafin taya ta taɓa ƙasa. Hajiya, wallahi mintocin nan malami ya fi uwa tsayuwar zuciya, domin sa hannunsa ne a littafin yarinyar, kuma shi hukumar kula da harkar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, za ta fara tambaya.

Roƙona gare ki ɗaya: kada ki riƙa bugo mata kina tambayar yaushe ne, kada kuma ta ji tsoro a muryarki. In an ɗaga ranar, kada kowa a gida ya nuna mata kamar ta gaza.

Abban Sadiq, Kubwa:

Kyaftin ya gama magana a kan solo. Ni batun Amurka zan taɓa. Lasisin nan gaskiya ne, hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fito da shi a 2004: mafi ƙaranci awa 20, 15 da malami, 5 kai kaɗai, kuma lasisin mota na can yana iya tsayawa a madadin takardar likita. Sai dai fasinja ɗaya kawai aka yarda ka ɗauka, ba a biyanka ko sisi, kuma bai cika ƙa'idar ICAO ba, wato hukumar jiragen sama ta duniya, don haka ba takarda ba ce da za ta dawo da ita gida ta nemi aiki. An yi shi ne don mai sha'awar shawagi ranar hutu. In sana'a take so, hanyar ita ce PPL, wato lasisin matuƙi mai zaman kansa, wanda yake buƙatar aƙalla awa 40, sannan lasisin kasuwanci da ake neman awa 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta. Ku bar ta inda take. Ko sauya makaranta za a yi, ga ta Ilorin nan a gida.

Dauda Bukuru:

Mama, ni a hasumiya na yi aiki. Da zarar mun san ɗalibi ne shi kaɗai a ciki, mukan buɗe masa hanya, mu yi masa magana a hankali. Kuma in hazo ya sauko ko iska tana bugowa ta gefe da ƙarfi, ba wanda zai sake ta. In ta yi nisa har ta fara zuwa wasu garuruwa, ki ce mata ta yi karatun filin jirginmu na Jos da ke Heipang da kyau. Ya haura ƙafa 4,000 daga teku, iskar sama ba ta da kauri, da tsakar rana ƙaramin jirgi yakan ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga.

Maman Hauwa, Rikkos, Jos:

Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a. Na karanta wa babanta, maganar Amurka an ajiye ta. Na kuma tambaye ta batun fasa sauka, ta ce ranar Litinin ta yi shi da kanta, malamin bai ce komai ba sai da suka sauko ya ce ta kyauta. Kyaftin, ana barin iyaye su je kallo? Ina so in shiga mota in tafi Zariya.

Tsohon Malamin Tuƙi, Gwarimpa, Abuja:

Ya danganta da makaranta, ki sa ta tambayi malaminta. Amma shawarata ki zauna a gida Hajiya. Sau da yawa malami ba ya sanin ranar sai da safen, bayan ya ga iska ya ga fuskar ɗalibi, kuma in ta san kin yi tafiyar awa huɗu kina jiranta a bakin shinge, za ta so ta tashi ko da jikinta bai ba ta ba. Ki bari ta bugo miki bayan ta kashe inji.